Ba Ƙwayar Cuta Ba Ce

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Zuwa ga 'yata Hadiza, wadda nake kira Uwata tun ranar suna.

Ina gaishe ki gaisuwar uba ga 'yarsa. Allah Ya tsare ki a hanya, Ya sauke ki lafiya, Ya haɗa ki da mutanen kirki a inda za ki. Kada ki yi mamakin samun wasiƙa daga mutumin da kuka karya kumallo a gida ɗaya. Na ce wa Ummanki ta saka miki ita a jaka, ta kuma gaya miki kada ki buɗe sai motarku ta wuce Garun Malam ta miƙi hanyar Zariya. Kin san halina. Bakina yana da kaifi wajen faɗa, amma in aka zo maganar da ta fito daga zuci sai ya mutu murus. Biro ya fi ni ƙarfin hali.

A rumfar gona nake rubuta ta, da hantsi, injin ban ruwa yana ta ƙugi a gefena. Ba labarin gida zan ba ki ba, don babu abin da ya faru a gidan nan kwanakin nan da ba ki sani ba, sai abu ɗaya, shi kuma zan zo kansa a ƙarshe. Kurakuraina zan gaya miki, musamman wanda ya ci miki shekara guda ta karatu, wanda har yau ban buɗe baki na ce ki yafe mini ba. Ba na so ki tafi Kudu neman digirin dakta da wannan abu a tsakaninmu.

Amma kafin nan ki sani ina alfahari da ke. Na faɗa, na kuma rubuta, ko gobe aka tashe ni daga barci zan maimaita. Ni da karatuna bai wuce allo da aji shida na firamare ba, a ce 'yata ce aka zaɓa ta je ta binciki halittun da ke cin iskar gas a cikin ƙasa. Tun da takardar nan ta zo hulata ba ta zauna daidai a kaina ba.

Bari in fara da ƙaramin laifi, wanda ba ki ma san da shi ba. Shekarar da kika shiga jami'a, mutanen majalisarmu ta ƙofar masallaci suka tambaye ni me kike karantawa, na ce likitanci. Ba ƙarya na yi niyya ba da farko. Kin gaya mini sunan karatun da Turanci ya fi ƙarfin harshena, na ce ki fassara, kika ce ilimin ƙwayoyin cuta. To wa yake hulɗa da cuta in ba likita ba? Daga baya na gane ba haka ba ne, amma na yi gum, don likita ya fi daɗin faɗa a majalisa. Shekara huɗu ana aiko miki da gaisuwa ana cewa a gai da Likita, har matar liman ta aiko a tambaye ki maganin ciwon gwiwa, ke kina ta mamakin inda suka samo zancen. Daga wajena ya fito. Saboda haka in kin je can aka tambaye ki me kike yi, ki ce ƙasa kike karantawa. In aka ce me ubanki yake yi, ki ce manomin rani ne, gonarsa tana can ƙarshen kanal inda ruwa ke zuwa a makare. Kada ki ƙara wa kanki ko taku ɗaya a kan gaskiya, don wanda ya ƙara sai ya yi ta gadin abin da ya ƙara.

Na biyun ya fi wannan nauyi. Kin tuna shekarar da fetur ya gagare mu, kowa ya kai injinsa wajen makanike aka canja masa kafireta ya koma shan gas. Ni ma na kai nawa. Na sayi tukunya da tiyo, na kafa injin a kusurwar gona ta gabas, kusa da rijiya, tiyon yana kwance a ƙasa. Tun satin farko nake jin wari idan na sunkuya. Baffanki Ila ya ce mini, "Yaya, wannan abin fa yana yoyo." Na ce, "Kai, ai warinsa ne haka, gas ba turare ba ne." Na samo jar roba na naɗe wajen mahaɗar, na ce shi ke nan. Rani biyu cur ina aiki a kan wannan warin, har ina dafa shayi a nesa kaɗan da shi. Allah ne kawai Ya so mu da rahama.

Ke ce kika zo hutu kika biyo ni gona, lokacin kin fara digiri na biyu. Ko sallama ba ki gama ba kika ja hanci. Kika kaɗa sabulu a kofin shan ruwana kika zuba a kan tiyon, sai ga kumfa tana tashi ɓul-ɓul-ɓul daga ƙarƙashin jar robar nan. Kika ɗago kika ce, "Baba, don girman Allah kashe injin nan." Ban taɓa jin kin ɗaga mini murya ba sai ranar, kuma ban ji haushi ba, tsoro na gani a idonki. A ranar na cire tiyon na wurgar da shi bayan rumfa. Abin da zan ce miki a nan gajere ne. In hancinki ya gaya miki abu, ko ƙaramin da ke ƙasa da ke ya gaya miki, ki tsaya ki duba. A ɗakin gwajinku da gas za ki yi ta aiki kullum, kuma sabo da wari ba ya hana shi kamawa da wuta.

Bayan kin gama yi mini faɗa sai na ga kin durƙusa a inda tiyon ya kwanta, kina kallon ƙasar kamar kin tsinci zinariya. Kika ƙona cokali a wutar ashana, kika bari ya huce, kika haƙa kamar tsawon tafin hannu, kika ɗebi ƙasa kaɗan a leda. Kika kafa kara huɗu kewaye da wajen kika ce in taimaka kada a taɓa, kada a yi feshi, kada a bari ruwa ya kwanta. Na ce to. Ban tambaye ki dalili ba, don a ganina uba ba ya tambayar 'yarsa abin da bai sani ba. Wannan girman kan shi ne tushen duk abin da ya biyo baya.

Yanzu ga babban.

Wata biyu bayan nan ina kasuwar tumatir ta bakin titi, kwandunana a jere, dillalai uku a kaina ana ciniki, sai ga wayarki. Kin san ni da waya, kunnena ya fara nauyi, a kan sifika nake sa ta kowa ya ji.

"Baba, albishirinka!"

"Goro, Uwata."

"Ƙasar nan ta gonarka cike take da ƙwayoyin cuta, irin waɗanda ba a cika samu ba. Malamarmu ta ce ba ta taɓa ganin masu saurin yaɗuwa irinsu ba. Ranar Asabar zan zo in ƙara ɗiba."

Ɗaya daga cikin dillalan ya janye hannunsa daga kwando ya goge a riga, ya ce, "Malam Garba, gonar wa aka ce?" Na kashe wayar ban ko amsa miki ba.

Uwata, ki sa kanki a matsayina. Ke ba ki da wayo sosai shekarar da tsutsa ta share mana tumatir, gona tana kore shar da safe, kafin sati ta koma kamar an babbaka ta. Mun ga manyan mutane suna kuka a bakin fangali. Tun daga lokacin, a wannan yankin, in aka haɗa sunan gonarka da kalmar cuta, ko maƙwabcinka ba zai ari fartanyarka ba. Kuma ga shi an ce masu saurin yaɗuwa ne. Ban ji albishir ɗin ba, ban ji murnar da ke muryarki ba. Cuta kawai na ji.

Daga kasuwa gona na zarce. Na tumɓuke karan nan huɗu. Na sa shebur na haƙe wajen har gwiwa, na tara ƙasar, na zuba mata buntun shinkafa da busasshen kara na cinna wuta, na zauna ina juyawa har ta yi ja. Ramin kuma na kwarara masa maganin feshi wanda ko narka shi da ruwa ban yi ba. Da na gama har daɗi na ji, wai ni na ceci gona, na ceci maƙwabta. Na kira Baffanki ya zo ya gani don ya zama shaida a majalisa.

Ranar Asabar kika zo da 'yar jakarki ta sanyi da ledoji da cokula. Kika tsaya a bakin baƙin ramin nan kin fi minti biyar. Ni ina ta zuba bayani, ina jiran a ce sannu da ƙoƙari. Kika juyo, idonki ya kawo ruwa amma ba ki bari ya zubo ba, kika ce, "Baba, da ka tambaye ni."

Iyakar abin da kika ce ke nan. Da kin yi ihu da ya fi mini sauƙi.

A wajen Ummanki na ji sauran. Ashe ɗan abin da kika raina a ɗakin gwaji fumfuna ta hau shi ta lalata, shi ya sa za ki ƙara ɗiba. Ashe aikinki gaba ɗaya a kan wannan kusurwar gonar ya tsaya. Sai da kika koma farko, kika yi ta yawon wuraren ɗura gas a birni kina roƙon a bar ki ki ɗebi ƙasa. Kin samu wasu halittun, sun yi aiki, amma kin ce wa Ummanki ragwaye ne, abin da na gonata ke cinyewa a kwana biyu su sai sun yi sati. 'Yan ajinku suka gama suka bar ki. Shekara guda ta ƙuruciyarki na ƙona da buntun shinkafa, saboda kalma ɗaya da kuma rashin tambaya.

Ga shawarata, kuma da tsada na saye ta. Kada ki yanke hukunci a kan abu da sunan da aka kira shi. Ki tambaya. Tambaya ba ta rage wa kowa tsawo. Sannan, tunda uba ba ya rasa inda zai laɓe, bari in ce ke ma kina da ɗan kasonki, ko da ƙanƙani ne. Kin yi wa manomi albishir da cuta a tsakiyar kasuwa. Inda za ki, mutanen da gas da mai suka taɓa musu gonaki da ruwa ne, zukatansu a tsorace suke kamar tawa. Kafin ki gaya wa mai gona abin da kika gani a ƙasarsa, ki auna kalmar a kunnensa, ba a kunnen malamarki ba.

Sai da rani ya zagayo na iya tambayarki. Muna tsaye a bakin ƙofar ruwa ta layinmu ranar da rabonmu ne, na yi kamar da ƙofar nake magana na ce, "Wai su waɗannan abubuwan me suke yi ne?" Kika dube ni kika yi murmushi, na farko da kika yi mini na gaske tun ranar Asabar ɗin nan.

Washegari kika zo da kwalabe uku masu marfin roba kika jera mini a tabarma. Kika ce duka ukun ruwa ne da ɗan gishiri-gishiri da halittun a ciki. Ta farko ba a sa mata komai ba, ruwanta garau. Ta biyu an ɗura mata gas da sirinji, irin na tukunyata, ruwanta ya dame ya yi fari kamar ruwan kamu. Kika ce damewar nan su ne suka hayayyafa, don gas ɗin abincinsu ne. Suna da wani makami a jikinsu da ke kama iskar da muke shaƙa ya cusa ta cikin gas ɗin ya fasa shi, sai ya koma wani abu dangin barasa. Na ce, "Subhanallahi, ashe mashaya na tara a gona." Kika yi dariya har da riƙe ciki, kika ce ba sa barinta ta kwana, nan take suke ƙara narka ta su ci, abin da ya rage ruwa ne da iskar da tsiro ke so. Wato rani biyu ina zuba musu guba ta tiyo, su kuma suna share mini ita ba tare da na sani ba. Ladan da na ba su shi ne wuta.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maganar ƙofa. Kin ce yadda ake ƙera makamin nan a rubuce yake cikin ƙwayoyin gadonsu, kowace ta gada daga uwarta, amma ba kullum suke ƙera shi ba, don ƙirar tana cin ƙarfi. Akwai mai gadi a bakin rubutun, kamar mai riƙe da makullin ƙofar ruwanmu. In babu gas ya rufe. In gas ya zo ya buɗe, a yi ta ƙira har a gama, sannan ya mayar ya rufe.

A nan ne na tuna wani kuskure na tun ba a haife ki ba. Shekarar da kakanki ya rasu aka bar mini gonar da ke kusa da bakin kanal, inda ruwa yake a wadace. Ina saurayi, jini yana tafasa. Na ce ruwa ai albarka ne, yawansa yawan tumatir. In na buɗe wa fangalina da safe ba na toshewa sai magariba, rabona ne ko ba rabona ba ne. Na ƙasa da ni suka yi ta ƙorafi ruwa ba ya isa gare su, ko a jikina. Kafin wata biyu saiwar tumatir ta ruɓe, farin gishiri ya taso ya rufe ƙasar, sai da gonar ta yi shekaru tana jinya. Na rabu da ita, yau ga ni a ƙarshen kanal ina jiran na sama su toshe nasu, na san yadda abin yake. Halittar da ido ba ya gani ta san lokacin buɗewa da lokacin rufewa, ni sai da na kashe gona na koya. Ke ma kina da halina, in kin kama aiki ba kya sanin rana ta faɗi. Ki riƙa rufewa. Ki ci abinci a kan lokaci, ki yi salla a kan lokaci, ki huta. Kuma in aka ba ki dama a kan kayan aiki ko a wajen malamai, ki tuna akwai na ƙasa da ke masu jiran nasu rabon.

Kwalba ta uku ita ce ta ba ni haushi. Kin ce an sa mata gas an kuma sa mata sukari. Ruwan ya dame, amma da kuka auna sai kuka tarar gas ɗin yana nan ba a taɓa shi ba. Da suka ga abinci mai sauƙi sai mai gadin ya bar ƙofar a rufe, sai sukarin ya ƙare sannan su waiwayi gas. Na ce to wannan kam halin mutane ne sak. Ba zan ja miki magana a kai ba, kin fi ni ganewa. Za ki samu sauƙi a can wanda ba ki saba da shi ba, da masu cewa ki bi gajeriyar hanya ki rubuta abin da ba ki gani ba. Ke aiki mai wuya aka san ki da shi, shi ya kai ki inda za ki, kada daɗi ya sa ki ajiye shi.

Na yi miki tambaya ɗaya ranar wadda kika ce tambayar masana ce, kuma har yau ina faɗa a majalisa. Na ce, in ƙofa a rufe take, yaya mai gadin yake sanin gas ya zo? Kika ce a wasu daga cikinsu ba gas ɗin yake ji ba, barasar nan yake ji. Don haka ƙofar ba ta rufuwa ruf. Kullum ana barin ɗan tsiyaye, ana ƙera makami ɗaya ko biyu ko da babu aiki. Ranar da gas ya zo, su 'yan kaɗan ɗin nan za su fasa na farko, mai gadi ya ji ƙamshi, sai ya wangale ƙofa.

Na daɗe ina juya wannan magana, Uwata. Shekarar nan da kika yi kina jin zafina, kin daina gaya mini komai na karatunki, kin daina biyo ni gona. Amma duk safiyar da kike gida sai kin zo ƙofar ɗakina kin durƙusa kin ce, "Baba, ina kwana." In kina makaranta, duk Juma'a sai kin kira, ko da minti ɗaya ne. Ba ki taɓa fashi ba. Da kin rufe ruf, da ban sami ta inda zan yi tambayar nan a bakin ƙofar ruwa ba. Wannan ba ni na koya miki ba, don ni in na yi fushi da mutum har hanyar gidansa nake canjawa. Ki riƙe shi. Duk wanda ya ɓata miki a can, malami ne ko abokiyar zama, ki rage, amma ki bar gaisuwa.

To, ga abu ɗayan da na ce ba ki sani ba.

Ranar Lahadin da ta wuce na je fadamar Baffanki Ila ta wajen Bunkure in taya shi dashen albasa. Na sunkuya zan sha ruwa kusa da injinsa sai hancina ya ji abin da ya sani. Na duba, sai ga jar roba naɗe a mahaɗar tiyo, irin naɗin hannuna. Kin san Baffanki ba ya iya ganin abu a yashe. Ashe ranar da na wurgar da tiyon nan bayan rumfa, shi ya bi baya ya ɗauke, da ƙasar gonata a jikinsa da komai, ya kai fadamarsa ya ɗaura. Mutumin da ya fara gaya mini yana yoyo! Na ce, "Ila, kana da hankali kuwa?" Ya ce, "Yaya, ai na ƙara masa roba." Rani uku ke nan tiyon yana kwance a waje ɗaya yana tsiyaya cikin ƙasa.

Na kashe injin. Na kaɗa sabulu na zuba, kumfa ta tashi. Ban san lokacin da na ce Alhamdulillahi ba, har Baffanki ya zaci na zautu, mutum yana godiya don gas yana zuba. Na sa shi ya hau babur ya sayo sabon tiyo nan take, tsohon kuma na yanka shi gunduwa-gunduwa da hannuna don kada wani ya sake tsinta. Sannan na yi yadda na ga kin yi. Na ƙona cokali, na bari ya huce, na haƙa tsawon tafin hannu, na ɗiba daga wuri uku. Na kafa kara huɗu. Na gaya wa Baffanki duk wanda ya taɓa wajen nan, ko shi ne, ni da shi ne.

Ban sani ba ko su ne. Wataƙila 'yan'uwan waɗanda na ƙona ne suka biyo tiyo, wataƙila wasu ne daban, wataƙila ma babu komai a ciki sai ƙasa. Ni manomi ne, ke ce za ki duba ki sani. In ba su ba ne, kada ki ɓoye mini don ki faranta mini rai, ki faɗa mini yadda yake. In kuwa su ne, kara huɗu suna nan suna jiranki, kuma wannan karon ko dillalan Kura gaba ɗaya za su taru a kaina ba mai sa ni in ɗauki shebur.

Shekarar da na ci miki ba zan iya mayar miki da ita ba. Na yi kuskure, na cuce ki, kuma na yi shekara uku ina kewaye-kewaye. Ki yafe mini, Uwata.

Sauran kin san su. Ki sauka a gidan Gwaggonki kamar yadda muka shirya, ki girmama mijinta, kada ki ce abincinsu ya yi yaji ko da ya yi. Ki riƙe salla da azkar na safe da yamma. Ki kira Ummanki fiye da yadda kike kirana, ita ce za ta yi ta share hawaye tana cewa hayaƙin murhu ne. In kin zama dakta, ki zo majalisa da kanki ki gaya musu ba ta allura ba ce, na riga na fara gyara musu zancen. Kuma ki nemo wa halittun nan suna da Hausa wanda ba zai sa wani tsoho ya ɗauko ashana ba. Ni dai yanzu 'yan ƙwadagon ƙasa nake ce musu, liman ya ce sunan bai yi laifi ba.

Allah Ya yi miki albarka. Ya tsare gabanki da bayanki, Ya kare ki daga sharrin hanya da na mutum da na wuta, Ya buɗe miki abin da ke rufe, Ya sa iliminki ya amfani mai gona da mai kamun kifi. Ya dawo mana da ke lafiya muna raye. Ummanki da Baffanki suna gaishe ki.

Ƙasar tana cikin gwangwanin madara, a aljihun gefe na jakarki, naɗe da jiƙaƙƙen tsumma. Na huda marfin da ƙusa wuri biyu don kin ce suna numfashi. In kun canja mota, kada ki bari direba ya ɗora jakar a sama rana ta buge ta, ki riƙe ta a cinyarki. Na ga kina rubuta wuri da rana a jikin ledojinki, ni ma na manna takarda na rubuta. A ƙasa na ƙara layi ɗaya da manyan baƙaƙe, saboda duk wanda zai gani a hanya ya tambaya: BA ƘWAYAR CUTA BA CE.

Wassalam.

Mahaifinki,
Garba.